Fafituwiti a Zauren Magaji Tukur

Gara ku ji a bakina kafin wani ya ba ku da ƙari: wawan da ke cikin labarin nan ni ne, Labbo, wanda kuke kira Baba Tafinta kuna ƙunshe dariya. Na san kuna yi. Shekaranjiya ma na ji ɗayanku, wanda ya yi shekara uku a makarantar boko har ya fara sa takalmi mai igiya, yana cewa wai tafintanci ba sana'a ba ce, Bature ya faɗa ka faɗa, shi ke nan. Madalla da ilimi. Ni dai karatuna na allo a izu goma sha ɗaya ya tsaya, Turancina kuma a bakin ruwa na tsince shi, amma na ci tuwo da sana'ar nan tun Sarkin Musulmi na da ƙasarsa a hannu, tun Bature na sallama kafin ya shiga gari.

Ba da niyya na koya ba. Ayarin fatake na bi daga Tambuwal ina kora musu jakuna, muka bi ta Jega muka gangara har bakin Kwara. A can zazzaɓi ya kwantar da ni, madugu ya duba ya ga jakuna sun fi ni amfani, ya wuce da su. Wanda ya ɗauke ni wani Banufe ne, Ndagi, mai yi wa Turawan wani kamfani tafinta a rumfar da suke sayen man kaɗanya da ƙaro. Shekara huɗu ina riƙe masa laima, ina tsaye bayansa in ana ciniki. Bai taɓa zaunar da ni ya ce ga darasi ba. In na tambaye shi ma'anar kalma sai ya ce in saurara, kunnena ba na ado ba ne.

Aikin farko da ya bar mini, wata mata ce ta kawo man kaɗanya tulu shida, Bature ya tsoma sanda a ɗaya ya zaro da tsakuwa a gindi. Ya yi ta magana, fuska ta yi ja, hannu na tashi. Ni kuwa abin da na kama a ciki bai wuce kalma biyu ba, na juya na ce wa matar, "Ya ce bai saye." Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Duk wannan surutun, bai saye kawai ya ce? Ina sauran? Ka cinye?" Kasuwa ta taru a kaina, kowa na cewa yaron nan ya haɗa baki da Nasara. Da yamma Ndagi ya ja kunnena har na ji ƙara. Ya ce mutane ba sa jin Turanci amma suna jin tsawonsa. In Bature ya yi magana kamu goma ka ba su kamu biyu, ɓarawo ne kai. Ka cika musu mudunsu, ko da gaisuwa ce. Ya kuma ce in riƙe wani abu guda har in mutu: tafinta ba ya cewa bai sani ba. Ranar da ka faɗa, Bature zai nemi wani, mutanenka kuma za su ce ashe tun can da ka kake yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai jar dara, don a hango ka daga nesa a san ba ɗan dako ba ne. Akwai goro a kumatu, saboda mai tauna goro ba a yi masa gaggawar amsa. Akwai tari. Kada ku raina tari, tari mai kyau yakan ba ka lokacin da za ka ƙirƙiro rabin magana. Babban kayan aiki kuwa kundina ne, wanda na ɗinke da hannuna na sa a gafaka. A ciki nake rubuta dogayen kalmomin Turanci da ajami, kowace da ma'anarta, ba yadda malamanku ke faɗa ba, yadda na ga tana aiki a jikin mutane.

Gajerun kalmomi ban taɓa rubuta su ba, ba su da haɗari. Zo, tafi, zauna, kawo, duk a Turanci numfashi ɗaya ne. Na lura Bature in ruwan sha yake so, da gajerar kalma yake nema. In gulbin yake so gaba ɗaya, sai ka ji ya jawo wata mai gaɓoɓi kamar rake. Ga kaɗan daga abin da na rubuta, ku gwada da na littafinku. Imfosibul, na sa mata: abin da zai iya amma bai ga dama ba. Imidiyetili: yanzu da gudu in kai za ka yi, in shi zai yi kuwa sai bayan ya sha shayi. Anfocunetili: duk abin da ya biyo bayanta ba alheri ba ne, ka ja da baya taku biyu. Satisfaktari: bai ji daɗi ba, ya dai rasa abin zagi. Misandastandin kuwa, wadda na fi tsana, ma'anarta laifinsa ne amma za a raba da kai. Shekara da shekaru ban ga ɗayansu ta ƙaryata ni ba.

Sai shekarar da shanu suka mutu ta zo. Ku ba ku gani ba, Allah kada ya nuna muku. Garke guda yakan kwanta tsakanin hantsi da la'asar, ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi. Ciniki ya tsaya a bakin ruwa, Ndagi ya tattara ya koma garinsu, ni kuma na zauna da jar dara da kundi da yunwa. Ana haka wani Bature da muke kira Mai Jan Wuya ya ce zai hau arewa, yana neman wanda ya san hanya ya kuma san Turanci. Na buga ƙirji na ce Turanci ai har na mafarki ina yi. Ya ɗauke ni. In na ɓata aikin nan, ban da wani.

Da muka iso Tambuwal na so a ce ɗan gari ya dawo da girma. Ina! Kawuna ya karɓe ni a ƙofar gida, ya dubi darata, ya dubi takalmina, abin da ya fara tambaya shi ne ko har yanzu ina salla. Ƙwaryar da Baturen ya sha ruwa da ita, a gabana aka fasa. Duk inda na bi sai magana ta mutu. Shi ma Mai Jan Wuya in ya ga na daɗe ina gaisawa da wani sai ya tsare ni da ido, ya ce me muke ƙullawa. Haka sana'ar take, kana tsaye tsakanin mutum biyu, kowanne na ganin ɗayan ya saye ka.

Abin da ya kawo Mai Jan Wuya yana can gaba da Kebbe. Wani ƙauye ne a bakin gulbi, da fadama mai itatuwan kaɗanya, a ƙarshenta kuma akwai mashaya wadda ba ta ƙafewa ko da bazara ta yi tsanani. 'Yan shanun da annoba ta bar wa mutanen ƙauyen duk a nan suke sha. Mai Jan Wuya na son ya kafa rumfar saye a daidai wurin, yana kuma da takarda da yake son mai garin ya sa mata hannu. Mai garin shi ne Magaji Tukur, tsoho siriri, idonsa ɗaya ya yi fari, kakanninsa ne suka sare dajin. In ya sa hannu, fadama da mashaya sun bi abin da takardar ta ce. Abin da takardar ta ce kuwa, duk ƙauyen ba mai ji sai ta bakina.

Ranar farko muka shiga zaurensa da hantsi. Baturen ya sa aka jibge kyauta, turmin yadi da madubi da kan sukari. Magaji bai ko dube su ba, ya ce a bar su nan bakin ƙofa tukuna. Dattawa sun jeru jikin bango. A lungu akwai wani malami, Malam Haliru, da allo a cinya yana ta rubutu, na ɗauka rubutun sha yake yi wa wani mara lafiya. Magaji ya ciro carbinsa ya ce, "To, tafinta, shi karanta, kai ko ka hwaɗa muna."

Mai Jan Wuya ya fara. Na lura duk gaɓar da ya karanta Magaji na jan carbi, in na fassara ya sake ja daga farko. Awo yake yi. Na ce a raina, tsoho, ka tarar da gwani. Na cika masa mudu har yana zuba. Konseshan ta zo, na san ta, na ce wurin kafa rumfa. Teritori ta zo, na ce fadama daga tsamiya zuwa mashaya. Ina cikin jin daɗin kaina sai Baturen ya daga murya ya ce, "in fafituwiti."

Ban taɓa jin ta ba. Na tauna goro. Na yi tari. Na buɗe kundi kamar mai neman tabbaci, alhali na san ba ta ciki. Baturen na kallona, Magaji na kallona da idon nan guda, carbi ya tsaya tsakanin yatsunsa. Na tuna Ndagi, na tuna yunwar bakin ruwa. Sai na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kalma ce ta girmamawa. Nufinta aro na zumunci, kaka guda. In an gama sayen kaɗanya a kwashe rumfa, kowa ya kama gabansa, ana masu gode wa juna."

Magaji ya ce, "Kaka guda."

Na ce, "Guda tak, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Madalla. Ku huta, gobe a sake karanta muna."

Nan ne wautata ta fi fitowa, don ni ɗan ƙasar nan ne, na san al'adar. A wajenmu maganar gona ko ta rijiya ko ta iyaka, dattijo ba ya yanke ta a ji ɗaya. Sai an maimaita masa a wuni uku, kamar yadda alƙali ke juya mai shaida ya ga ko zancensa zai tsaya wuri guda. Na sani sarai. Amma shekarun bakin ruwa sun sa na fara ganin mutanenmu da idon Bature, na ce wa Mai Jan Wuya nawar tsofaffi ce kawai, suna son a daɗe ana ganin baƙo a ƙofarsu. Ya ce anfocunetili, na ja da baya taku biyu.

Kuna cewa me ya hana in tambaye shi ma'anar a masauki? Na yi niyya. Na je har bakin tantinsa, na tarar yana aske gemu, ya dube ni ta madubi ya ce me nake so. Na ce na zo in ga ko ruwan zafi ya isa. In na tambaya, ya gane wanda ya ɗauko, ga shi a Jega na ga wani Bayarabe yana yi masa fara'a da Turanci mai santsi.

Rana ta biyu ya karanta da sauri, ransa a ɓace. Da ya iso kalmar sai ya miƙa hannu can gaba, kamar mai nuna ƙarshen duniya. Na ce a raina, af, ashe abin ya fi kaka guda tsawo, bari in ƙara masa kaɗan yadda hannun da maganar za su yi daidai. Na ce, "Ranka ya daɗe, aro ne na shekara bakwai, irin na mutunci, bayan nan ƙasa ta koma ga masu ita." Na zaci tsoho mai ido ɗaya ba zai riƙe zancen jiya ba. Ya ci gaba da jan carbinsa. Wani dattijo a jikin bango ya yi gyaran murya, Magaji ya ɗaga masa yatsa, dattijon ya fasa maganar. Malam Haliru na lungu, ya sake sabon allo. Har na tausaya wa mara lafiyar da zai sha rubutu allo biyu.

A rana ta uku na shiga da ƙarfin gwiwa, tunda sau biyu na wuce lafiya. Kalmar ta zo, ko tari ban yi ba. Na ce nufinta muddin Magaji da Bature suna raye suna shiri da juna, ranar da ɗaya ya gaji sai a rabu ba tare da ɓacin rai ba. Na ƙawata ta sosai, har ni kaina na so a ce haka take.

Magaji ya ajiye carbi a kan buzu. Ya ce, "Malam, karanta muna abin da baƙonmu yac ce."

Malam Haliru ya jawo alluna uku ya jingina su a gwiwa. Ya karanta na farko, kalma bayan kalma, har da "guda tak" ɗina. Ya karanta na biyu, shekara bakwai. Ya karanta na uku, wanda tawadarsa ba ta ko bushe ba. Duk sauran zancen ya zo daidai a allunan nan, rumfa rumfa ce, tsamiya tsamiya ce. Wuri ɗaya ne kawai ya haifi 'ya'ya uku.

Duk idanu suka juyo kaina.

Magaji ya ce, "Ɗan Tambuwal."

Na ce, "Ranka ya daɗe."

"Takardar ga, guda ta ko ukku?"

"Guda ce, ranka ya daɗe."

"Shi ka sake ta cikin tanti, ko kai ka sake ta cikin baki?"

Na ce Turanci harshe ne mai faɗi, kalma guda takan ɗauki fuska da yawa. Wani dattijo ya ce, "Ƙwarai, kamar tafinta." Aka yi dariya, ba irin mai daɗi ba. Na hangi samari biyu sun tsaya a ƙofar zaure, ɗaya riƙe da igiyar ɗaure shanu, ban kuma ga saniya kusa ba.

Magaji ya ce, "Ba mu taɓa ka, kai baƙo na. Amma shanun da sunka rage muna, can suka shan ruwa. Ga mai takarda nan zaune. Tambaye shi gabanmu, da ƙananan kalmomi irin waɗanda kaka ji."

Mai Jan Wuya ya ga an daina kallonsa ana kallona, ya ce me ke faruwa. Na cire dara, don zufa ta jiƙa ta, na faɗi abin da Ndagi ya ce kada in faɗa har in mutu. Na ce masa, da Turancina na bakin ruwa, wannan kalma ban san ta ba.

Wuyan nan ya ƙara ja har ya kusa zama baƙi. Ya ce kwana uku me nake gaya musu? Na ce abubuwa masu daɗi. Har yau ban sani ba ko gaskiya ce ta kama shi, ko zafin rana, ko kuwa gani yake turmin yadi ya isa ya sayi kowace amsa. Ya dai buga takardar a gwiwa ya faɗa mini da gajerun kalmomi, irin na kiran kuku. Ya ce ba ƙarshe. Tsohon nan ya mutu, ɗansa ya mutu, ɗan ɗansa ya mutu, wurin na kamfani ne.

Kun ga, a nan ma da sauran hanya. Ba wanda ya ji abin da ya ce sai ni. Ina iya cewa shekara goma, in tsaya a kanta, in rantse. Na dubi allunan nan uku, na ga Malam Haliru ya riga ya jawo na huɗu ya tsoma alƙalami. Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce har abada."

Magaji ya ɗauki carbi ya ja ƙwaya ɗaya, ya tsaya. Bai ce na cinye sauran ba, kamar matar nan mai man kaɗanya.

Ya ce, "Hwaɗa mashi mun gode da ziyara. Har abada ta Allah ta, ban da ita, ba ni kyauta da abin da ban da. In kaɗanya shika so, mata na kai ta kasuwa ranar kasuwa, shi saya kamar kowa." Ya sa aka kwashe yadi da madubi da sukari aka mayar masauki, ya haɗa da rago guda na sallamar baƙo. Wannan karon na fassara daidai, ba ƙari ba ragi, ba wanda ya sa ni.

Kafin azahar Mai Jan Wuya ya sa an naɗe tanti. Ya kira ni ya ce abin da ya faru misandastandin ne, na ce na sani. Ya karɓe darar, wai ta kamfani ce, ya hau doki ya nufi Jega wajen Bayarabensa. Ragon ma bai bar mini ko ƙafa ba. Na zauna gindin tsamiya na buɗe kundi na rubuta fafituwiti, na sa mata ma'anarta ta gaskiya, ita kaɗai ce a kundin da na samu daga bakin mai ita. Daga baya na yi wa wasu Turawan aiki shekaru masu yawa, kuma duk doguwar kalmar da ban sani ba nakan tsaya in tambaya a gaban kowa. Sau biyu aka kore ni saboda haka, sau ɗaya aka ƙara mini girma.

Amma ban gama ba ku wautar ba. Washegari da safe na ga shanu na gangarawa mashaya, mata na tsintar kaɗanya, sai na ji wani girma ya taso mini. Na ce ai ni na yi wannan. Na wanke fuska na tafi zauren Magaji, na tarar da shi da dattawansa suna shan fura. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi na rasa aikina saboda ku. Da ban faɗi gaskiya jiya ba, da yanzu mashayarku na hannun Nasara. Ko 'yar riga a ba ni in shiga Tambuwal da ita, a san na ceci gari."

Magaji ya sauke ludayi, ya juyo da idon nan mai gani, ya dube ni tun daga kai har ƙafa.

Ya ce, "A ba shi hura, ya sha wahala. Amma riga, jahilcinka za mu ɗunka wa, ɗan nan, shi yac cece mu. Da ka san ma'anarta tun ran farko, da ka san yadda zaka ɓoye ta sau ukku iri ɗaya."